Antin nazare ce take fara gani: cin zarafin ƙananan yara a unguwanninmu na Legas

Wata ranar Talata ce wajen ƙarfe goma sha ɗaya yaron ya yi fitsari a wando, abin da ba baƙo ba ne a ajin 'yan shekara uku, kullum sai an samu mutum biyu ko uku. Na ja shi bayan aji inda muke ajiye bokiti da buta, na ɗaga rigarsa don kar ta jiƙe, sai idona ya faɗa kan bayansa. Shata ce ta kai guda bakwai, wasu sun yi baƙi sun fara warkewa, wasu sababbi ne har da ɗan ruwa-ruwa, kuma kowacce ta lanƙwasa kaman ƙugiya, duk wanda ya taɓa ganin inda aka ninka wayar caja biyu aka zabga wa mutum ya san wannan zanen. Yaron bai yi kuka ba, bai ce komai ba, hannu kawai ya kai ya ja rigar ƙasa da sauri yana kallon ƙofa.

Abin da na yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Na jira har aka tashi, na tsaya a bakin get, matar kawunsa da take riƙonsa ta zo ɗaukarsa, na tare ta a gaban sauran iyaye na ce Maman wance me ya samu bayan yaron nan? Ta ce daga kan benci ya faɗo. Na ce benci ba ya yin irin wannan zanen, na ɗaga murya, mutane suka taru, ita ma ta ɗaga, ta fizgi hannunsa suka tafi. Washegari ya zo amma ko kallona ba ya yi, satin da ya biyo baya bai zo ba, da na je tambaya a gidan hayar da suke aka ce min an mayar da shi arewa. Shekara tara kenan ban sake jin labarinsa ba. Na ga abin da ya kamata in gani, amma ban san me ake yi da abin da aka gani ba, kuma wallahi ina kyautata zaton a daren nan an ƙara masa wani dukan saboda ni.

Ni malamar nazare ce a Agege, da yamma kuma ina taimakawa a Islamiyyar unguwa, kuma abin da nake so 'yan uwana malamai da iyaye su gane shi ne babu wanda yake ganin ƙaramin yaro kaman antin ajinsa. Uban ya fita tun asuba zuwa Mile 12 ko Alaba Rago ko abatuwa ta Oko-Oba, ba zai dawo ba sai dare saboda gosulo, uwar tana fama da sana'arta da goyo, likita sai an yi rashin lafiya mai tsanani yake ganin yaro. Anti kuwa ita ce take canza masa fampas, ita take buɗe kular abincinsa ta ga ko akwai abu a ciki ko babu, ita take ganin yadda yake yi in an ce ga mai ɗaukarka ya zo. Awa shida ko bakwai, kwana biyar a sati. In akwai matsala ita za ta fara gani, kuma yawancinmu babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga abin da za ki duba ga kuma inda za ki kai.

Kuma abin ba ƙarami ba ne. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun yi bincike a faɗin Najeriya, suka samu cewa yara 6 cikin 10 suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an yi musu cin zarafi ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Masu yin abin kuma galibi ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne, na gida, na maƙwabta, na makaranta. Toh ki ɗauki ajinki mai yara talatin ki yi lissafi da kanki.

Bari in fara da jiki tunda shi ne ido yake gani. Yaro mai lafiya da yake guje-guje dole ya ji ciwo, kuma ciwon wasa yana da wurarensa, gwiwa, ƙwauri, goshi, gwiwar hannu, haɓa, wato wuraren da ƙashi yake kusa da fata kuma su ne suke fara dukan ƙasa in an faɗi. Wuraren da faɗuwa ba ta cika kaiwa ba su ne kunne, wuya, kumatu, ciki, gadon baya, ɗuwawu, cikin cinyoyi, in kika ga rauni a nan ki ƙara buɗe ido. Jaririn da ko rarrafe bai fara ba kuwa bai kamata a ga kumburi ko taruwar jini a jikinsa ba ko kaɗan, don ina ya je da zai buge? Sannan ki duba siffar ciwon, waya tana barin ƙugiya, bel yana barin layi biyu a jere, mari yana barin sawun yatsu, taba sigari tana barin ɗan zagaye mai zurfi, dutsen guga da cokalin da aka ɗora a wuta suna barin hotonsu ƙiri-ƙiri. Ƙunar hatsari, irin ta ruwan zafi da ya kife daga risho a barandar gidan haya, fantsama take yi babu tsari, amma in hannu ko ƙafa ya ƙone daidai wa daida har da iyaka kaman an sa safa, wannan tsoma shi aka yi aka riƙe. Akwai kuma masu zuba barkono a ido ko a gaban yaro wai horo ne saboda fitsarin kwance ko ɗaukar nama a tukunya, wannan ba ya barin tabo, kuka ne da ja da kumburi. Kuma tunda fatarmu baƙa ce taruwar jini ba ta cika fitowa sosai ba, wani lokacin abin da za ki lura da shi kawai shi ne yaro yana zabura in kin taɓa wani waje, ko ya ƙi zama a kan benci, ko hannu ɗaya ba ya ɗagawa.

Amma fa a yi hattara, ba kowane tabo ne duka ba. Yawancin jariranmu ana haifarsu da wani baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi a ɗuwawu da ƙasan baya, tabon haihuwa ne yana ɓacewa da kansa. Yaro mai sikila hannuwansa da ƙafafunsa sukan kumbura ya yi ta kuka ba wanda ya taɓa shi. Makero yana yin zagaye kaman ƙuna. Akwai sawun ƙaho da tsagar wanzami. Wannan ne ma ya sa nake cewa aikin anti lura ne da rubutawa da miƙawa, yanke hukunci na likita ne da jami'an da aka horar. Abin da ya fi tabon kansa muhimmanci shi ne labarin da aka ba ki ya dace da ciwon ko bai dace ba, yau a ce faɗuwa ce gobe a ce yayansa ne ya ture shi, ko ciwo ya kwana uku yana ruwa ba a kai shi ko kemis ba, ko kuma duk ranar Litinin sai an zo da sabo.

Hali kuma ya fi wuyar karantawa, don yaro ɗan shekara uku ba shi da kalmomin da zai faɗa miki. Abin da nake dubawa shi ne canji. Yarinyar da ta daina fitsari a wando tun bara ta dawo tana yi, ta koma tsotsar yatsa, ko mai surutu ta yi tsit, ko yaron da ba ya faɗa ya fara cizon 'yan ajinsu, ko wanda in kin ɗaga hannu don ki gyara ɗankwalinki sai ya kare kansa da hannu biyu. Wani yaron in lokacin tashi ya yi sai ya maƙale a zaninki, wani kuma ranar da wane ne zai zo ɗaukarsa kawai yake wannan. Sai wanda ya fi tayar min da hankali, yaron da yake wasa da 'yar tsana ko da ɗan uwansa ta hanyar da ta nuna ya san abin da bai kamata ɗan shekararsa ya sani ba, ko yarinya tana tafiya a tale, tana kuka wajen fitsari, ko kin ga jini ko wani ruwa a ɗan kamfanta. Ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai zai iya zama wani abu dabam, an yi wa uwar haihuwa, an tashi daga gida, ciwon sanyi ne, amma in suka haɗu biyu uku suka daɗe toh akwai magana.

Sakaci shi ne wanda muke yawan rikicewa a kansa, saboda yana kama da talauci kuma ba ɗaya ba ne. Ina da yara da riga ɗaya suke da ita amma kullum a wanke take, abincinsu garin kwaki ne da ƙuli amma uwar ta ɗaura shi a leda da hannunta, waɗannan ba a yi sakaci da su ba, babu ne kawai. Sakaci shi ne yaro ya zo da fampas ɗin jiya har ya ci masa fata, kunnensa ya yi sati biyu yana zubar da ruwa an faɗa wa iyaye sau uku ba a motsa ba, a tashi ƙarfe biyu a bar shi wajen maigadi har magariba, ko yau mai okada ya zo ɗaukarsa gobe wani saurayin maƙwabci da ko sunansa ba ki sani ba, ko a kulle ɗan shekara huɗu a ɗaki da ƙaninsa a tafi kasuwa. Yadda nake bambancewa shi ne in kira uwar gefe in yi mata magana a hankali in ga ko akwai abin da makaranta za ta iya, wadda babu ce ta hana ta za ki ga ta kama taimakon hannu biyu kuma abu ya canza, in kuwa an yi magana an yi tayi an sake yi babu abin da ya motsa, toh an wuce maganar talauci. Wani lokacin ma uwar ce ba ta da lafiya, damuwar bayan haihuwa ta kama ta a ɗaki ɗaya a garin da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, a Kano ko Katsina da tuni kaka ta ɗauke mata yaron, a nan Legas ba kowa. Ita ma taimako take buƙata, amma jiran ta warke ba zai sa a bar yaron a haka ba.

Kar kuma a ɗora komai a kan matar uba da mai riƙo, duk da labarin da na fara da shi. Gaskiya ne ɗan riƙo da agola da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye sun fi shiga hatsari don babu mai tsaya musu, amma na ga shatar da uwa mahaifiya ta yi da hannunta, na ga ta uba.

Yanzu mu juyo kanmu, don cin zarafin ba daga gida kawai yake zuwa ba, a cikin makarantun ma ana yi. A watan Janairun 2025 duk mun ga bidiyon wata malama a Ikorodu tana sharara wa yaro ɗan shekara uku mari saboda ya kasa rubuta lamba, aka kama ta aka kai kotu, kowa ya yi Allah wadai, amma tsakani da Allah malamai nawa ne a cikinmu suka kalli bidiyon nan ba su tuna wani abu da ya faru a ajinsu ko ajin kusa da su ba? Yadda abin yake faruwa a bayyane yake. Mai makaranta yana so iyaye su ga ɗan shekara uku yana rubuta 1 zuwa 100 don kar su cire shi su kai makarantar gaba, iyaye suna auna kuɗin makaranta da yawan aikin gida, anti ɗaya an tara mata yara arba'in a ɗakin da ko fanka babu, albashinta bai kai ya riƙe ta rabin wata ba, yatsun yaron kuma ba su ma yi ƙwarin riƙe fensir yadda ake so ba, toh ƙarshen wannan lissafin a kumatun yaro yake sauka. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba, wadda ta mari ɗan shekara uku ta yi laifi. Amma in an kore ta an kawo wata a cikin yanayi ɗaya za a maimaita. A wasu gidajen renon jarirai kuma ana ɗura wa yara maganin mura mai sa barci don a huta da kukansu, in jaririnki kullum kin ɗauko shi a sanƙame da barci har dare ki tambaya. Girgiza jariri da ƙarfi don ya yi shiru shi ma yana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu, kuma ba za ki ga ko ƙwarzane a jikinsa ba.

Islamiyya ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Gwamnatin Legas ta hana bulala a makarantunta, mu kuwa har yanzu uba yana kawo yaro ya ce Malam nama naka ƙashi nawa. Masu kafa hujja da hadisin sallah su tuna shekara goma aka ambata a ciki, ba uku ba, ba huɗu ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma yana yaro kuma ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba, Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Ban san daga ina muka samo cewa ɗan yayen da ya kasa haddace Fatiha dorina ce maganinsa ba.

Sai maganar su waye suke shiga inda yaran suke. Maigadi, direban bas, onkul mai lesin, ɗan mai makaranta da yake zuwa hutu, mai gyaran wuta. Abin da ya faru da Hanifa a Kano, 'yar shekara biyar da mai makarantarsu da kansa ya sace a ƙarshen 2021 ya kashe, ya isa ya nuna mana cewa sanin mutum da yarda da shi ba kariya ba ne. Ƙa'idar da ta fi kowacce aiki mai sauƙi ce, kar babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya a bayan rufaffiyar ƙofa, ko wane ne shi, ko da liman ne ko mai makarantar. Banɗakin yara ya zama inda ake gani daga nesa, a rubuta sunan waɗanda aka yarda su ɗauki kowane yaro, yaro na ƙarshe a bas kar a bar shi da direba shi kaɗai. Tun 2014 Legas take da rajistar waɗanda kotu ta samu da laifin lalata, mai makarantar da zai ɗauki ma'aikaci yana iya neman a duba masa, ko aƙalla ya kira inda mutumin ya baro ya ji me ya raba su.

Toh in yaro ya buɗe baki ya faɗa miki fa? Galibi ba a zaune zai faɗa ba, kina ɗaura masa igiyar takalmi ne zai ce Anti, wane yana taɓa min wajen fitsarina. A nan ne ake ɓata komai cikin minti ɗaya. Kar ki yi salati da ƙarfi ki dafe ƙirji, zai ɗauka shi ne ya yi laifi ya rufe bakinsa har abada. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce na ji ka, ka kyauta da ka faɗa min, ba laifinka ba ne. In za ki yi tambaya ki ce sai me ya faru, kar ki ce wane ne ko, ya cire maka wando ko, don yaro ƙarami yana amsa e ga duk abin da ya ga babba yana so, kuma gobe a kotu lauya zai ce ke kika sa masa magana a baki. Kar ki yi masa alkawarin ba za ki faɗa wa kowa ba, ki ce zan faɗa wa wanda zai taimake mu. Kar ki kira malamai biyar kowa ya zo ya sake tambayarsa, kar ki tuɓe shi don ki duba, kar ki ɗauki hoton tsiraicinsa, kuma don girman Allah kar a sa shi a WhatsApp ko Facebook da sunan neman adalci, yaron zai girma hoton yana nan.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu Hausawan Legas musamman. Yaranmu da yawa suna shiga nazare ba su jin komai sai Hausa, antinsu kuma Bayarbiya ce ko Inyamura, ko da yaron ya faɗa ba za ta gane ba, a gida kuma kunya ta hana mu koya masa sunan ko'ina a jikinsa. Ya kamata uwa ta koya wa ɗanta tun yana shekara uku cewa wajen da wando yake rufewa nasa ne, ba mai taɓawa sai Umma wajen wanka ko likita in Umma tana tsaye, kuma duk wanda ya ce masa kar ka faɗa wa Umma toh wannan maganar ce ta farko da zai faɗa wa Umma. Makarantar da take da yaran Hausawa da yawa kuma ta samu ko mutum ɗaya mai jin Hausa a cikin ma'aikatanta.

Daga nan sai rubutu. Littafi guda na musamman, ki sa kwanan wata da lokaci, me kika gani, a wane waje a jiki, girmansa kaman me, me yaron ya ce da kalmominsa da yaren da ya faɗa, me mai ɗaukarsa ya ce. Ban da ra'ayinki, ban da ina zargin wance. Sai ki kai wa wanda makaranta ta naɗa don wannan aikin. Tun Disambar 2016 gwamnan Legas na lokacin, Akinwunmi Ambode, ya sa hannu a kan tsarin kare yara da ya wajabta wa makarantu, na gwamnati da na kuɗi, su kasance da tsarin kare yara a rubuce da mutumin da aka ɗora wa alhakinsa, kuma ya wajabta kai rahoto. Ga kuma Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 da Legas ta mayar tata a 2007. Ba sai kin tabbatar ba kafin ki kai, zato mai dalili ya isa. In mai makaranta ya ce a rufe don kar sunan makaranta ya ɓaci, ki wuce shi. Akwai hukumar DSVA ta jihar Legas mai kula da cin zarafi a gida da lalata, ta fara a matsayin tawaga a 2014 ta zama cikakkiyar hukuma a 2021, lambarta ta kyauta 08000 333 333, ga 112 da 767 na gaggawa, ga Ma'aikatar Matasa da Walwalar Jama'a a Alausa da take da jami'an kula da yara, wasu ofisoshin 'yan sanda kuma suna da sashen iyali na musamman, har da na Isokoko a nan Agege. In lalata ce kuwa lokaci yana da muhimmanci ƙwarai, kar a yi wa yarinya wanka, kar a wanke kayanta, kar a sa ta a ruwan zafi da bagaruwa kaman yadda muka saba, a kai ta asibiti, maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi in ya wuce ba ya aiki. Cibiyar Mirabel da take cikin asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja tun 2013 wannan ne aikinta, kuma kyauta take yi.

Na san abin da yake cikin ran mai karatu, don ni ma a unguwar nake. Za a ce mu baƙi ne a garin nan, kar mu kai kanmu gaban hukuma a ce Hausawa ne, za a ce ɗan uwa ne ku rufa masa asiri Allah ya rufa naku, za a ce wa zai auri yarinyar in magana ta fita, a je wajen Sarkin Hausawa ko liman ko shugaban 'yan kasuwa a sasanta. Ina girmama sarakunanmu, rikicin bashi da na haya da na aure da suke kashewa a fada ba kotun da za ta iya. Amma lalata da yaro ba bashi ba ne, a ƙarƙashin sashe na 137 na dokar laifuka ta Legas hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne, kuma tun 2018 akwai kotu ta musamman a Ikeja da take sauraron irin waɗannan shari'u. Sulhun da ake yi a zaure ga yadda yake ƙarewa, a ba uban yarinya kuɗin magani, mutumin ya yi rantsuwa, a sa shi a motar dare zuwa arewa ko ya koma Idi-Araba ko Ijora, inda zai kama ɗaki a wani gidan haya mai yara goma sha biyar kuma babu wanda ya san komai a kansa. Yarinyar kuma ta koyi cewa ta faɗa kuma babu abin da ya faru. Asirin da ya cancanci rufewa nata ne, sunanta da fuskarta, ba na wanda ya cuce ta ba. Inda sarki da liman za su yi amfani sosai shi ne su raka uban zuwa wajen hukuma don kar a raina shi ko a juya masa magana saboda ba ya jin Turanci ko Yarbanci, su kuma tsawatar wa masu zuwa gidan da dare suna roƙon a janye.

Masu tsoron gwamnati za ta ƙwace yara su ma su sani ba kowane rahoto ne yake ƙarewa a ofishin 'yan sanda ba, musamman na sakaci. Bara waccan ina da wata yarinya 'yar shekara huɗu da take zuwa ba wanka, kular abincinta wayam, ta yi ta gyangyaɗi, sau biyu kuma na ga ƙuna a yatsunta. Wannan karon ban tare kowa a get ba, sati uku ina rubutawa, na nuna wa shugabar makaranta, muka kira uban ofis muka rufe ƙofa, na ce Alhaji ga abin da muke gani, na karanta masa da kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce matarsa wata biyu kenan tana arewa wajen jinyar mahaifiyarta, shi kuma yana kwana a kan hanya da tirela, wadda take riƙe da gidan 'yar aiki ce da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, ita take kunna risho ita take dafa indomi, ƙunar ma wajen taya ta ne. Shugabar ta ce masa dole ta sanar da jami'an walwala kuma ta sanar a gabansa, wata jami'a ta zo ta ga gidan, cikin kwana goma ƙanwarsa ta iso daga Funtuwa. 'Yar aikin ma jami'ar ba ta bar maganarta ba, yanzu tana aji uku a firamaren gwamnati da take bayan layinmu, da safe nakan gan su sun fito tare, ita da yarinyar, ƙanwar Alhajin tana biye da su riƙe da kuloli biyu.